Wai da gaske talakawa sun durƙusar da manyan Wall Street? Amsa ga wani ɗan uwa daga Zariya

"Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. An saka ni a wani gurup na Telegram, admin ɗin kullum yana ba mu labarin GameStop, wai talakawa ne a Amurka suka haɗa kai suka sayi hannun jari har suka karya manyan kamfanonin da suke cin riba in kamfani ya faɗi. Yace mu ma in muka haɗu mu 5,000 kowa ya kawo naira 20,000 za mu iya yin irinta a nan. Ni abinda ban gane ba, ta yaya mutum zai ci riba da faɗuwar kamfani? Kuma da gaske ne talakawan sun ci? In shiga ko kar in shiga?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tambayarka ta zo a kan gaɓa, domin a watan nan kaɗai kai ne na uku da ya turo min irin wannan maganar, sunan gurup ɗin ne kawai yake canzawa. In na fahimce ka kana son sanin yanda ake cin kuɗi da faɗuwar kamfani, da ko labarin GameStop haka yake kamar yanda admin ɗinku yake bayarwa, sai kuma ko ka tura kuɗinka. Na ƙarshen bari in amsa tun yanzu kar ka gaji da karatu ka tsaya a hanya: kar ka tura. Amma ban so ka bari kawai don nace ka bari, gobe wani zai zo maka da wani labarin mai daɗin ji fiye da wannan, gara ka gane yanda abin yake aiki ka iya auna shi da kanka.

Ni dai aikin dillancin hannun jari na fara tun 2005, na yi a Legas na dawo Kano, kuma rugujewar kasuwa ta 2008 a kan idona aka yi, ina zaune a ofis mutane suna shigowa suna kuka. Ban taɓa aiki a Amurka ba, abinda ya faru a can ta allon kwamfuta na bi shi kamar kowa sai kuma rahotannin hukumominsu da na karanta daga baya. Sannan ni ba malamin fiƙihu ba ne, in mun zo wajen halacci zan faɗi iya abinda na ji daga malamai ne.

Sayar da aro

Bari mu fara daga Dawanau tunda a can abin zai fi saurin shiga. Misali ne fa kawai, farashin ma ni na ƙaga shi. A ce ana tsakiyar damina buhun masara yana naira 60,000, kai kuma ka zagaya ƙauyuka ka ga amfani ya yi kyau, ka tabbata da kaka ta shigo zai sauko zuwa 40,000. Ba ka da masara ko tiya ɗaya. Sai ka je wajen wani Alhaji mai sito kace ya ara maka buhu 100, da sharaɗin masara za ka dawo masa da ita ba kuɗi ba, za ka ba shi ɗan wani abu na aron, kuma ka ajiye masa jingina. Ka kwashi masarar ka sayar a ranar, miliyan 6 ta shigo hannunka. Kaka ta yi, farashi ya sauko yanda ka hango, ka sayi buhu 100 a miliyan 4 ka mayar wa Alhaji kayansa, miliyan 2 ta zama taka. Shikenan, wannan shi ne abinda yaran kirifto suke ce wa yin shot. A kasuwar hannun jari shiya, wato shi hannun jarin kansa, ake ara maimakon masara, dillali ne yake nemo maka aron, kuma manyan masu yinsa su ne kamfanonin da ake ce wa hej fond, masu tara kuɗin attajirai da na manyan cibiyoyi suna juyawa.

Toh yanzu juya misalin. A ce ruwa ya ɗauke da wuri, buhu ya tashi 90,000. Kai masara ake binka, dole ka saya a 90,000 ɗin, asarar miliyan 3 kenan. In ya kai 150,000 asarar ta zama miliyan 9, ta wuce duk kuɗin da ka karɓa tun farko. Kaga bambancin da mai saye na yau da kullum: wanda ya sayi kaya iyakar asararsa kuɗin da ya saka, in kayan sun zama toka shikenan an gama, amma mai aro asararsa ba ta da rufi domin farashi ba shi da inda aka ce dole ya tsaya. Kuma Alhaji ba zai zauna yana kallo ba, duk sanda farashi ya ƙaru zai aiko maka ka ƙaro jingina, ranar da ka kasa sai a sayo masarar da jinginarka a kowane farashi aka samu ko kana so ko ba ka so.

A nan ne wasan yake. Ka ɗauka ba kai kaɗai ka yi wannan aron ba, ku da yawa ne, sai masu masara suka farga suka kulle situnansu suka ce ba ma sayarwa. Kowannenku ya shigo kasuwa a guje yana neman buhu, sayen da kake yi don ka tsira shi yake ƙara wa na bayanka tsada, shi ma sayensa ya ƙara wa na bayansa. Wannan matsin shi ne abinda admin ɗinku yake magana a kai, kuma ba a kan GameStop aka fara ganinsa ba. A Oktoba 2008 kamfanin Porsche ya sanar cewa kusan kashi 74 cikin 100 na Volkswagen yana ƙarƙashin ikonsa, jihar Lower Saxony ta Jamus kuma tana riƙe da kashi 20, abinda ya rage yana yawo a kasuwa bai kai abinda masu aro suke buƙatar mayarwa ba. Cikin kwana biyu shiya ɗaya ta haura yuro 1,000, Volkswagen ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci. Amma lura, a can babban kamfani guda ne ya kulle siton.

Abinda ya faru a Janairu 2021

GameStop shago ne na sayar da faifan wasannin bidiyo da na'urorinsu, hedkwatarsa a jihar Texas, yana da dubban rassa a manyan kantuna. Mutane sun koma sauke wasa ta intanet, ga korona ta zo an rufe kantuna, a Afrilu 2020 shiyarsa ta faɗo ƙasa da dala 3. Manyan masu juya kuɗi suka yanke masa hukuncin mutuwa, suka yi ta aro suna sayarwa har adadin da aka ara aka sayar ya wuce adadin shiyar da ke yawo a kasuwa gaba ɗaya, wasu ƙididdiga suka ce kashi 140 cikin 100, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka a nata lissafin tace kusan 123. Za ka ce ta yaya za a ari abinda ya fi wanda ke akwai. Ai buhu ɗaya ne ake ara sau biyu: Alhaji ya ara maka ka sayar wa Musa, dillalin Musa ya ɗauki buhun nan ya ara wa wani shi ma ya sayar, buhu ɗaya mutum biyu ake bi.

Akwai wani matashi Keith Gill daga jihar Massachusetts, wanda aka fi sani da Roaring Kitty a YouTube. Tun 2019 ya zuba kimanin dala 53,000 a GameStop, yana zama da ɗan jan ƙyalle ɗaure a goshi yana nuna lissafin kamfanin awa da awanni, hujjarsa ita ce kamfanin yana da rauni amma bai kai ga mutuwar da ake masa fata ba. Sama da shekara ana masa dariya a zauren WallStreetBets na ƙananan masu jari da ke shafin Reddit. Wannan ɓangaren admin ɗinku ba zai ba ku shi ba, cewa mutumin ya yi karatun takardun kamfani ne ya shiga tun kaya suna arha ya zauna yana jira. Sai a 2020 Ryan Cohen, wanda ya kafa kamfanin Chewy, ya sayi kaso mai tsoka, ranar 11 ga Janairu 2021 aka sanar zai shiga hukumar daraktoci. Daga nan wuta ta kama. Ka haɗa da cewa mutane suna kulle a gida, gwamnati ta raba musu tallafin korona dala 1,200 sannan ta ƙara 600, ga manhajar Robinhood a waya ana ciniki babu la'ada, ga kuma tsohon haushi, da yawa daga cikin yaran nan sun ga iyayensu sun rasa gida ko aiki a 2008 alhali an ceto bankuna da kuɗin gwamnati. Na karanta rubuce-rubucen wasunsu a lokacin, wallahi ba duka ne maganar riba suke ba, wani cewa yake ko zai rasa kuɗin gaba ɗaya in dai manyan za su ji zafi ya yarda.

Shiyar da ta shigo Janairu ba ta kai dala 20 ba, ranar 27 ga wata ta rufe a dala 347 da ɗoriya, washegari ta taɓa 483. SEC tace a farkon watan asusun da ke cinikinta a rana ba su kai 10,000 ba, zuwa 27 ga wata sun doshi 900,000. Kasuwar New York a lokacin sanyi ƙarfe 3:30 na yamma take buɗewa a agogonmu ta rufe 10 na dare, satin nan daga la'asar har bayan isha'i ina gaban allo, abincin dare ma a nan ake kawo min, ban taɓa ganin lamba tana tsalle haka ba, ka je alwala ka dawo ka tarar ta ƙara dala 60 ko ta zubar da 80.

Kuma eh, manyan sun ji jiki, wannan ba ƙarya ba ne. Hej fond ɗin Melvin Capital na Gabe Plotkin wanda tun 2014 yake yi wa GameStop shot ya yi asarar kashi 53 cikin 100 a watan Janairu kaɗai, sai da wasu manyan hej fond biyu, Citadel da Point72, suka zuba masa dala biliyan 2.75, kuma bai sake miƙewa ba har ya rufe a Mayu 2022. Andrew Left na Citron Research da ya fito yace shiyar za ta koma dala 20 shi ma da asara ya fita. Ɗan hakin da suka raina shi ya tsone musu ido, kuma gaskiya ni ma na ji daɗi a raina, duk wanda ya yi aiki da ƙananan masu jari ya san irin kallon da manya suke musu.

Ranar da aka cire maɓallin saye

Safiyar Alhamis 28 ga Janairu masu amfani da Robinhood suka tashi suka ga ba za su iya sayen GameStop ba, haka AMC da BlackBerry da Nokia da wasu, sayarwa kawai aka bar musu. Wasu dillalan ma sun yi haka. Ka tuna ƙarfin taron nan gaba ɗaya a saye yake, an datse musu hanyar shigowa an bar ta fita a buɗe, ranar shiyar ta rufe ƙasa da dala 200. Amurka ta ɗauki zafi har 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna irin su Alexandria Ocasio-Cortez da Ted Cruz suka samu kansu a layi ɗaya, ranar 18 ga Fabrairu majalisar wakilai ta kira shugaban Robinhood Vlad Tenev da Plotkin da Ken Griffin na Citadel da shi kansa Gill suka ba da bahasi.

Zargin da aka yi yana da tushe, domin Robinhood da ba ya karɓar la'ada a wajenka yana samun kuɗinsa ne ta hanyar tura odar kwastomominsa ga manyan 'yan kasuwa suna biyansa, babban mai biyan kuwa Citadel Securities ne, shi ma na Ken Griffin, mutumin da ɗaya kamfanin nasa ya ceto Melvin kwana uku kafin nan. Ko waye zai ce da walakin. Amma a matsayina na wanda ya zauna a kujerar dillali dole in faɗa maka ɗaya gefen. In ka danna saye a waya ba a take ake musayar kuɗi da kaya ba, a lokacin sai bayan kwana biyu, kuma a tsakanin nan akwai cibiyar da take tsaya wa kowane ciniki, irin aikin da CSCS, cibiyar ajiye shiya da kammala ciniki, take yi a nan Najeriya, ita kuma tana karɓar jingina daga dillali gwargwadon haɗarin cinikin kwastomominsa. Da asubahin ranar aka nemi Robinhood ya kawo kimanin dala biliyan 3, ba shi da su, da ya taƙaita sayen aka rage zuwa wajen miliyan 700, cikin 'yan kwanaki ya bi masu zuba masa jari ya haɗo biliyan 3.4. Ƙarar haɗin baki da aka shigar kotu ta yi watsi da ita. Ni abinda na ɗauka shi ne kamfanin ya tara jama'ar da ta fi ƙarfin aljihunsa, da ruwa ya kai masa wuya sai ya ceci kansa ya bar kwastomominsa. Ko haɗin baki ne ko rashin kuɗi, ga wanda ya sayi shiya a 400 duk ɗaya ne, ƙofar da ya shigo ta ba a hannunsa makullinta yake ba. Daga baya a Mayu 2024 Amurka ta rage kwanakin nan biyu na musayar kuɗi da kaya zuwa ɗaya.

To wa ya ci kuɗin?

A nan nake so ka nutsu. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a wajen saye haka ne, mutum dubu ɗari tara in suka danna tare farashi zai tashi. Matsalar ita ce riba a allo ba kuɗi ba ce sai ka sayar, sayarwa kuma sai da mai saye. Taron da ya shiga tare ba zai taɓa iya fita tare ba, in kowa ya danna sayarwa a minti ɗaya babu mai karɓa. Dole wani ya riga wani, kuma wanda ya riga ɗin, in ba ɗan aron da aka matse ya sayar wa ba, to ɗan uwansa na cikin gurup ya sayar wa, wanda ya makara yana ta ihun a riƙe kar a saki. Su kuma 'yan aron ba su da yawan da za su ɗauke kayan kowa, da sun gama mayar da abinda ake binsu sun tafi. Rahoton SEC na Oktoba 2021 ma cewa ya yi sayen da masu aro suka yi don rufe bashinsu ƙaramin kaso ne na cinikin, abinda ya riƙe farashin a sama tsawon makonni shi ne zumuɗin masu saye. Wato mafi yawan kuɗin daga aljihun ƙananan ya fito ya koma aljihun waɗanda suka riga su.

Waɗanda suka riga ɗin kuma ba duka talakawa ba ne. Wani hej fond mai suna Senvest ya shiga tun 2020 ya fita a tsakiyar hayaniyar da ribar kusan dala miliyan 700. Manyan masu riƙe da shiyar tun asali irin su BlackRock darajar kayansu ta ninka suna zaune. Shi kansa GameStop ya yi wayo ya buga sabbin shiya ya sayar wa taron, sama da dala biliyan 1.6 ya tara a 2021, ya biya bashinsa, kuma da wannan ne kamfanin ya rayu, wannan kam nasara ce ta gaske ga masu cewa kar a bar shi ya mutu. Gill a ranar 27 ga Janairu abinda yake riƙe da shi ya kai wajen dala miliyan 48, amma ka tuna a nawa ya shiga kuma yaushe.

Ga wanda na gani da idona. Ɗan yayata yana bautar ƙasa a lokacin, alawi naira 33,000, ya daɗe yana tarawa zai sayi kwamfuta. Ranar Juma'a 29 ga Janairu ya canza kuɗin a kasuwar bayan fage, dala tana wajen 470 da wani abu, ya saka dala 300 ta wata manhaja lokacin shiyar tana sama da 300, bai gaya min ba sai daren Talata da ta rufe a dala 90. Ya kira ni muryarsa tana rawa yana cewa Kawu an ce a riƙe, an ce za ta kai 1,000. Nace masa wa ya ce, yace kowa. Ya riƙe har tsakiyar Fabrairu ta gangaro wajen 40 zuwa 50, ya kasa barci ya sayar, abinda ya dawo masa bai kai dala 50 ba. Abin da ya fi ci masa rai, a Maris ta sake hawa sama da 250. Bai yi kuskuren lissafi ba domin babu lissafin da za a yi, lambar ba ta bin ciniki ko ribar kamfani a lokacin, tana bin yanayin zuciyar mutane ne. Waɗanda suka bi irin wannan kiran a kan kamfanin Bed Bath & Beyond ma nasu ya fi muni, kamfanin ya durƙushe a 2023 shiyar ta zama babu.

Su masu yin shot ɗin duk azzalumai ne?

Ba duka ba gaskiya, ko da yake raina ba ya son sana'ar. Akwai masu yin aro su sayar sannan su bi gari da jita-jita don kamfani ya faɗi, waɗannan macuta ne. Amma akwai waɗanda su ne suke tona asirin 'yan damfara lokacin da masu binciken kuɗi da hukumomi suke barci. Jim Chanos, wani mai yin shot, ya hango ruɓar kamfanin Enron na Amurka kafin ya rushe a 2001. A Jamus masu shot sun yi shekaru suna cewa lissafin kamfanin Wirecard ƙarya ne, hukumar ƙasar ta hana yi masa shot a 2019 don kare shi, a 2020 aka wayi gari yuro biliyan 1.9 babu su. Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne Tingo, kamfanin da aka yi rajistarsa a kasuwar Amurka yana cewa yana hulɗa da miliyoyin manoman Najeriya. Hindenburg Research, masu shot ne a lokacin, suka fitar da rahoto a Yuni 2023 suka ce abin ƙarya ne, a Disamba SEC ta Amurka ta shigar da ƙara tana cewa asusun da aka rubuta akwai dala miliyan 461 a ciki ko dala 50 babu. Da wani gurup ya tashi a lokacin yace mu haɗu mu kare kamfanin ɗan ƙasarmu daga Turawa, kaga inda kuɗin mutane za su tafi.

Mu dawo kan gurup ɗinku

Mutum 5,000 sau naira 20,000 miliyan 100 kenan. In kasuwar Amurka yake nufi, wannan ko dala 100,000 bai kai ba a canjin yanzu, a wurin da ake jujjuya biliyoyin dala a kan shiya ɗaya a rana, ɗigon ruwa ne a kogin Kwara. In kuma kasuwar hannun jarinmu ta NGX da ke Legas yake nufi to tambayar farko ita ce wa za ku matse. Doka ta yarda da aron shiya a nan amma masu yinsa kaɗan ne ƙwarai, babu wani kamfani da aka yi wa taron dangi irin na GameStop, in kuwa babu ɗan aro babu wanda dole ta sa zai saya a hannunku da tsada. Sannan a nan shiya ba ta wuce kashi 10 cikin 100 a rana sama ko ƙasa, kafin ta ninka sau 20 sai ta yi kwana 32 na ciniki a jere tana buga iyaka. Abinda miliyan 100 za ta iya yi shi ne ta ɗaga wata 'yar ƙaramar shiya ta naira ɗaya ko biyu wadda ba a cika cinikinta ba, kuma irin wannan ɗagawar na san yanda take ƙarewa, wanda ya kira taron ya riga ya cika sitonsa tun kafin ya buɗe gurup, ku ne kasuwarsa. In ma cewa ya yi ku tura kuɗin asusunsa shi zai saya muku to wannan ko sunan hannun jari bai kamata a ba shi ba, layin MMM ne da CBEX.

Saukowar ita ce abin tsoro. A Maris 2008 ma'aunin kasuwarmu ya haura 66,000, shekara guda bayan nan yana wajen 20,000. Akwai wani dattijo ɗan kasuwar Kwari da yake zuwa ofishinmu, ya ci bashin banki ya ƙara a kan nasa ya sayi shiya saboda duk abokan zamansa sun saya. Da abin ya juya kullum sai ya zo da safe da takardunsa a cikin leda ya zauna a benci yace a sayar masa ko nawa ne, ni kuma in saka odar in nuna masa allo, layin masu sayarwa miliyoyin shiya, layin masu saye fayau babu ko mutum ɗaya. Haka muka yi makonni, farashi yana zubewa a kan idonsa ba halin fita, ruwan bashi yana hawa. Daga ƙarshe gidansa da yake bayarwa haya ya sayar. Shi ya sa in naji ana cewa mu shiga tare jikina yake sanyi.

Ta fuskar doka, ka fito fili kace ina son kamfani kaza ga dalilina ba laifi ba ne, shi ya sa hukuma ba ta gurfanar da Gill kan abinda ya faru a 2021 ba. Amma a haɗa baki a ɗaga farashi da gangan don a jawo wasu a sauke musu kaya laifi ne a Amurka, laifi ne a Najeriya. Ta fuskar addini kuma abinda na ji daga malamai, yin shot yana karo da hadisin Hakim bin Hizam da Annabi (SAW) ya hana mutum sayar da abinda ba shi da shi, ga kuma kuɗin da ake biya a kan aron, shi ya sa ma'aunan hada-hadar kuɗi ta Musulunci ba su yarda da shi ba. Sai dai ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba, akwai hanin najashi, wato ka riƙa ƙara wa kaya kuɗi ba don kana so ba sai don wani ya ruɗu ya saya. Ka kai wa malamin da ya san mu'amalat maganar ka ji daga bakinsa.

In haɗin kai kake so akwai na gaske. Ku samu ku goma ko ashirin da kuka san juna, irin yanda ake adashi, kowa ya buɗe asusunsa da sunansa wajen dillali mai rajista da SEC ta Najeriya, yana da lambar CSCS tasa, ku riƙa zama duk wata kuna karanta rahoton kamfani ɗaya tare, me yake sayarwa, nawa ake binsa, yana raba riba ko ba ya rabawa. Akwai asusun haɗaka da ƙwararru suke juyawa, har da masu bin tsarin Musulunci, kuma NGX tana da ma'aunin Lotus na kamfanonin da aka tace. Akwai ƙungiyoyin masu hannun jari da suke zuwa babban taron shekara su tsare daraktoci da tambaya, a nan ne yawa yake da amfani domin ƙuri'a ake kaɗawa. Ba zan ce maka za ka ninka kuɗi a wata ɗaya ba, ana faɗuwa a nan ma, ni kaina akwai shiyar da na riƙe shekaru ba ta dawo inda na saye ta ba.

Shi kuma admin ɗin ka tambaye shi a cikin gurup kowa yana gani, kar ka bi shi ta bayan fage: wace shiya ce, su waye suka yi mata shot kuma a ina ya ga adadin, shi nawa yake riƙe da ita kuma a nawa ya saya, kuɗin a asusun wa za su zauna, sannan ranar fita wa zai fara sayarwa. Duk amsar da ya bayar ka ɗauki hotonta ka turo min mu duba tare, sunan dillalin da ya ambata kuma ka fara nemansa a jerin masu rajista a shafin SEC kafin ka sake yi masa magana.